Kasuwar Hasashe a Kan Jifa Mai Maki Uku: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka akwai wani layi mai lanƙwasa da aka zana nesa da kwando, tazarar mita 7.24, a kusurwa kuma mita 6.7. Duk wanda ya jefa ƙwallo daga bayan layin ta shiga, maki uku ya ci maimakon biyu. An shigo da dokar a 1979, kuma yanzu jifan ya mamaye wasan, har ƙungiyar Boston Celtics takan gwada shi sau 48 a wasa guda a kakar 2024-25. A kan wannan jifan ne mutane ke zuba kuɗi a abin da ake kira kasuwar hasashe.

Kamfani irin su Kalshi ko Polymarket zai kafa tambaya, misali: ɗan wasa Stephen Curry zai zura jifa mai maki uku har biyar a daren nan? Sai ka sayi takardar "eh" ko ta "a'a". Takardar da ta ci dala ɗaya take biya, wadda ta faɗi kuwa ko sisi. A ce ka sayi "eh" a kan senti 40. Ma'anarsa, masu ciniki suna ganin yiwuwar abin kashi 40 cikin ɗari ce. Idan Curry ya zura uku tun kafin hutun rabin lokaci, farashin zai tashi, kana iya sayarwa ka tsira da riba ba sai an tashi wasa ba. Abokin cinikinka wani mutum ne mai ra'ayi kishiyar naka. Kamfanin la'adarsa kawai yake yanka.

Matsalar tana cikin jifan kansa. Ko Curry, wanda ya zura 402 a kakar 2015-16, kusan shida cikin kowane goma da ya jefa ba sa shiga. A Disambar 2023 ya jefa takwas a kan Portland bai samu ko ɗaya ba, bayan wasanni 268 a jere yana zura aƙalla ɗaya. Yau hannu ya yi daɗi, gobe ya ƙi, kuma lissafin kaka guda ba ya gaya maka abin da dare ɗaya zai haifar.

Akwai kuma haɗarin maguɗi, domin sakamakon ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya. A Afrilun 2024 NBA ta haramta wa Jontay Porter na Toronto Raptors wasa har abada. Ya riƙa fita daga fili da wuri da sunan rashin lafiya, alhali ya tsegunta wa 'yan caca, su kuwa sun sa kuɗi cewa ba zai taɓuka komai ba. A gidajen caca na yau da kullum aka yi wannan, amma ƙofar ɗaya ce.

To, wannan ba caca ba ce? Kalshi ta ce ciniki ne, kuma hukumar tarayya ta CFTC ce ke sa mata ido. Jihohi irin su Nebada da New Jersey sun ce caca ce tsagwaronta, har maganar ta kai kotu a 2025. Ni dai a ganina an sauya wa tuwo suna ne: kuɗinka ka ɗora a kan ƙwallon da wani zai jefa, kai kana zaune kana kallon waya.