Kafin ki doki yaron da ya kwance rediyo

Idan kin bi lungunan Barunde bayan la'asar, za ki ga yara na jan motar langalanga da tayoyin tsohon silifa, wani ma har ya saka mata fitila da batir. Sau da yawa ladan mai wannan aiki shi ne tsawa, ko bulala idan ya taɓa rediyon babansa.

Kafin ki ɗaga hannu, ki tuna da Jelani Aliyu. An haife shi a 1966, ya tashi a Sakkwato yana zanen motoci tun yana ƙarami. Ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit a Amurka, ya shiga kamfanin General Motors. Shi ya zana siffar Chevrolet Volt, motar lantarkin da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta Najeriya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba sai kin sayi kayan wasa masu tsada ba, madafinki ya isa. Zuba zoɓo a kofi biyu. Matsa lemon tsami a ɗaya, jansa zai ƙara haske; ɗiga ruwan kanwa a ɗayan, zai yi duhu. Tambayi yaron dalili, ki bar shi ya yi ta laluben amsa. Abin da ya gani shi ne bambancin sinadari mai tsami da kishiyarsa, darasin da mu masu haɗa magunguna muke aiki da shi kullum. Ki kira 'ya mace ma ta gwada, domin asibitocinmu na neman mata likitoci ruwa a jallo.

Sai dai son sani yana da haɗarinsa. Ki kulle magunguna, fiya-fiya da kalanzir inda hannu ba zai kai ba, kada ki zuba su a gorar lemo. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli idan ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. Idan yaro ya haɗiye, a garzaya Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kada a tilasta masa amai. Abin da za ki ba shi ya kwance ya zama mataccen rediyo ko tsohuwar tocila, ba abin da ke jone da wuta ba.

Maigida, kai kuma ranarka ita ce lokacin shiga aji huɗu na sakandare, inda ake raba 'yan kimiyya da sauran. Wanda bai ɗauki fiziks da kemistiri ba, ƙofar injiniyanci, likitanci da haɗa magunguna ta rufe masa, ko a Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004, ko a wani wuri. Ka je makarantar da kanka, ka zauna da malaminsa, ka ji ta bakin yaron kafin a rubuta sunansa.

Allah Ya raya mana su, Ya albarkaci basirarsu.