Faifan "In the Garden" da Sawun Zariya a Kiɗan Yusef Lateef

"In the Garden" tagwayen faifai ne da suka fito a shekarar 2003. An ɗauke su kai tsaye a gaban 'yan kallo a zauren Electric Lodge da ke unguwar Venice ta birnin Los Angeles a Amurka. Makaɗa da mabusa sama da 20 ne suka hallara a ƙarƙashin ƙungiyar Go: Organic Orchestra, wadda makaɗin ganga Adam Rudolph ya kafa. Babban mabushin taron shi ne Yusef Lateef, wanda a lokacin ya haura shekara 80 da haihuwa.

Faifan yana cikin reshen jaz da ake kira 'yantaccen jaz, wato kiɗan da ake ƙirƙira nan take ba tare da an ɗaure shi da tsayayyen kari ko rubutaccen tsari ba. Sunan ya samo asali ne daga faifan "Free Jazz" da Ornette Coleman ya ɗauka da makaɗa 8 a watan Disamban 1960. John Coltrane ya biyo baya da "Ascension" a 1965 da mutum 11, sannan Alexander von Schlippenbach ya haɗa Globe Unity Orchestra a Jamus a 1966. Tun daga lokacin matsalar guda ce: in makaɗa suka yi yawa, kowa kuma yana da 'yancin busa abin da ya zo masa, ta yaya za a kauce wa hayaniya?

Hanyar da Rudolph ya bi ita ce ya bai wa kowane mabushi takarda mai ɗauke da jadawalin sautuka, ba cikakkiyar waƙa ba. Shi kuwa yakan tsaya a gabansu yana jagoranci da alamun hannu. Da ɗaga hannu zai shigo da masu sarewa, da wata alamar ya sa makaɗan ganga su riƙe kari guda suna maimaitawa, ko ya dakatar da kowa ya bar mutum ɗaya a fili. Wane sauti za a busa, da tsawonsa, da ƙarfinsa, wannan na mabushin ne, kuma ba zai iya zaɓa daidai ba sai ya kasa kunne ga na kusa da shi. Lamarin ya yi kama da na makaɗin fada da 'yan amshinsa, inda kowa ya san wurin shigarsa ko da baitin sabo ne.

An haifi Lateef a 1920 a Chattanooga, ya tashi a Detroit, ya musulunta yana matashi. Ya yi suna da busa saksafon da sarewar Turawa, ya kuma shigo da kayan busa na Gabas ta Tsakiya da Indiya cikin kiɗansa tun shekarun 1950. Bai yarda a kira aikinsa jaz ba. Ya fi so a ce kiɗa ne da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa.

Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Zariya a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. A can ya duƙufa kan sarewar Fulani makiyaya, ya zauna da masu busa ta, ya nazarci yadda ake sarrafa numfashi da yatsu a kanta. Ya ɗauki faifan "In Nigeria" a Legas a 1983 tare da makaɗan ganga na ƙasar. Shi da Ziky Kofoworola kuma suka wallafa littafi kan kaɗe-kaɗe da wasannin Hausawa a 1987.

Rudolph ma ya sha daga mashayar Afirka ta Yamma. Ya zauna a Gana a 1977, daga baya ya kafa ƙungiyar Mandingo Griot Society a Chicago tare da makaɗin kora ɗan Gambiya, Foday Musa Suso. Ya fara aiki da Lateef a 1988.

Wannan tarihi na mutanen biyu ya bayyana a zubin ƙungiyar. Manyan ƙungiyoyin jaz sun saba dogara da ƙahonnin tagulla masu ƙara, amma a nan sarewa iri-iri da sauran kayan busa na itace da ganguna ne suka fi rinjaye. Saboda haka mai sauraro Bahaushe, ko a Zariya yake ko a Zongon Kwatano, zai tarar da abubuwan da kunnensa ya sani: dogon numfashin sarewa, kira da amsawa, da karin ganga mai zagayowa.

Lateef ya rasu a watan Disamban 2013 yana da shekara 93, bayan Amurka ta karrama shi da lambar gwanayen jaz ta ƙasa a 2010. Rudolph ya ci gaba da haɗa wannan ƙungiya da sababbin makaɗa a birane daban-daban bisa tsarin da aka bi a wannan faifai.