An Yi Wa 'Ya, Saura Uwa

Tun kafin hantsi bencin da ke barandar ya cika. Ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ne a wani ƙauye na Jigawa, ɗaki uku da firjin sola guda. Ranar awo ce, amma a tsakanin masu juna biyu akwai 'yan mata ƙanana cikin hijabin Islamiyya, kowacce ta lafe a jikin uwarta tana satar kallon shuɗin akwatin sanyi da ke kan tebur.

Rigakafin sankarar bakin mahaifa ya kawo su. Nijeriya ta fara wannan allura ranar 24 ga Oktoba, 2023, kyauta ga 'yan shekara 9 zuwa 14, sau ɗaya tak a dantse. Tana kare su daga ƙwayar cutar HPV da ake ɗauka ta wajen saduwa, wadda nau'inta biyu kaɗai, 16 da 18, ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara. Shi ya sa ake so yarinya ta samu tun ba a kai ta ɗaki ba.

Tambayar iyaye ba ta canzawa: "Malama, ba ta hana haihuwa dai ko?" Ban ga laifinsu ba, wanda ya tuna ji-ta-ji-tar allurar shan-inna ta 2003 ya san inda tsoron ya samo tushe. Malamar asibitin kuwa ba ta ƙosawa. "Ba ta hanawa, Inna. Mahaifar ma take karewa."

Abin da ya tsaya mini a rai yana bayan labule, inda ake yi wa manyan mata gwaji. Gado ne ɗaya, da fitila, da auduga, da kwalbar ruwan kal. Ana shafa shi a bakin mahaifa, a jira minti guda. In wani wuri ya yi fari, alama ce ta tsokar da ta fara sauyawa, ba lallai sankara ba tukuna. Cutar kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana rarrafe, ba ciwo ba zazzaɓi. In an gani da wuri, sai a tura mace babban asibiti a ƙone wurin da ɗan na'ura cikin mintuna, ta koma gida ranar.

Amma gadon nan ya fi zama babu kowa. Uwar da ta riƙe hannun 'yarta aka yi mata allura, da an ce ita ma ta shigo, sai ta ja mayafi. "Ni lafiyata lau." Ko kuma, "Sai na faɗa wa maigida." Kunya ce, kuma na san darajar kunya. To amma masu dawowa daga baya fa? Jini bayan saduwa, jini bayan al'ada ta ɗauke, ruwa mai wari da aka yi wata da watanni ana sha wa jiƙon sanyi. A 2020 an ƙiyasta mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan sankara a Nijeriya, kusan 8,000 suka rasu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta fara gwaji daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuwa daga 25. Maigida, ranar da ka bar 'yarka ta je allura, don Allah ka ce wa uwarta ita ma ta shiga bayan labulen.