Tsohon Shaye-shaye da Izinin Taɓa Sirrin Gwamnati a Amurka

Duk wanda zai yi aikin da ya shafi bayanan sirri a Amurka, soja ne ko injiniyan kamfanin da ke yi wa gwamnati kwangila, sai ya cike dogon fom mai suna SF-86. A ciki ana tambayarsa ko ya taɓa amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekaru 7 da suka wuce. Matasa da yawa gabansu kan faɗi a nan, suna zaton wiwin da suka sha a jami'a ya rufe musu ƙofa har abada.

Ba haka abin yake ba. Dokar da aka yi a 2008 ta haramta izinin ne ga wanda yake shan ƙwaya yanzu ko ya kamu da ita. Wanda ya daina kuwa, ƙa'idojin da suka fara aiki a 2017 sun ce a dubi mutumin gaba ɗayansa: yaushe ya sha, sau nawa, ya rabu da abokan shaye-shayen, zai sa hannu cewa idan ya koma a ƙwace izinin? A Disambar 2021 shugabar hukumomin leƙen asiri, Avril Haines, ta ƙara fayyace cewa tsohon shan wiwi abin dubawa ne, amma shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Inda ake tuntuɓe shi ne bambancin dokoki. Jihohin Colorado da Washington sun halatta wiwi tun 2012, wasu suka bi sahu, amma izinin na gwamnatin tarayya ne, ita kuwa ba ta halatta shan sa don nishaɗi ba.

A ganina, abin da ya fi kayar da mutane shi ne ɓoyewa. Masu bincike kan zauna da tsofaffin abokai da maƙwabta, abin da aka rufe ya fito. Yin ƙarya a fom ɗin laifi ne da kan kai ga ɗaurin shekaru 5. Dalilin tsananin kuwa a fili yake: mutumin da ke tsoron a tona masa asiri, ɗan leƙen asirin wata ƙasa zai iya juya shi da barazana. Wanda ya faɗa da bakinsa tun farko, ba a da abin riƙe shi da shi.