Dundumi da Furotin Mai Jin Haske: Abin da Gwajin Ƙwayoyin Halitta Ya Nuna

Bahaushe ya daɗe da sanin dundumi, wato raunin gani da zarar magariba ta yi, kuma yana cikin larurorin da ake kaiwa Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando a Kaduna. Sai dai kalmar ta haɗe abu biyu: dundumin ƙarancin bitamin A, wanda ke warkewa, da na gado, wanda kan cinye ƙwayoyin gani sannu a hankali. Na farkon, da wasu nau'o'in na biyun, sun haɗu a kan furotin ɗaya, rodofsin.

Rodofsin yana riƙe da sinadarin retinal, wanda jiki ke samarwa daga bitamin A. Idan haske ya sauka a kansa, retinal sai ya miƙe daga lanƙwasarsa, furotin ɗin ya sauya siffa, ya tada ɗan aike daga dangin furotin G, mai suna taransdusin. Wannan ya saki GDP ya ɗauki GTP, ya sa a rage sinadarin cGMP, ƙofofin ƙwayar su rufe, saƙo ya nufi ƙwaƙwalwa. Rodofsin guda yakan tada 'yan aike da dama, shi ya sa ɗan hasken farin wata kan ishi mai lafiya.

A 1998 aka gano wani ɗan'uwansa, melanofsin, a fatar kwaɗo. Tambayar ita ce ko shi kaɗai zai iya jin haske. A 2005 masana suka dasa shi cikin ƙwayoyin da ake reno a ɗakin gwaji, ciki har da HEK293 masu asali daga ƙoda, waɗanda ba ruwansu da gani. Aka ba su retinal, aka haska, suka amsa. A 2013 Bailes da Lucas na Jami'ar Manchester suka nuna melanofsin ɗin ɗan Adam yana tada Gq da kuma Gi/o, ba ɗan aike ɗaya ba.

A nan ake buƙatar hattara. Ƙwayar gwaji takan ƙera furotin fiye da ƙima, kuma 'yan aikenta ba lallai su zo ɗaya da na ido ba. Abin da furotin zai iya yi ta nuna. Abin da yake yi a idon mai dundumi sai an duba shi a ido. Duk da haka, daga irin wannan gwaji ne aka fara tunanin dasa furotin mai jin haske a ƙwayoyin da suka saura a idon da ciwon gado ya kashe wa gani.