An ɗora sabon inji, mota ta ƙi lafiya: ina taimin ya kuskure?

Mai mota ya kashe kuɗi ya sayo injin Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ko Ladipo, bakanike ya sauke tsoho ya ɗora sabo, sai mota ta riƙa jan ki kafin ta tashi, tana karkarwa a silo, in an taka totur kuma ta yi nauyi. Amsar da ake ba shi a gareji kusan kullum ɗaya ce: “Alhaji, taimin ne, bari mu ƙara masa haƙori ɗaya.” A injin da ke da turbo, wannan lalube yana iya cinye kuɗin injin gaba ɗaya kafin a bar unguwa.

Mu ɗauki injin 1.8T na kamfanin Volkswagen, wanda ya fara fitowa a Audi A4 a tsakiyar shekarun 1990, daga baya ya shiga Passat da Golf 4 da Sharan da Skoda Octavia. Silinda huɗu gare shi, kowacce da bawul biyar, ashirin ke nan. Fistin da bawul suna amfani da fili ɗaya a cikin silinda, lokaci ne kawai ya raba su. Idan bel ɗin taimin ya kauce da yawa, sai fistin ya taso ya tarar da bawul a buɗe ya lanƙwasa shi.

Abubuwa biyu ne a nan. Akwai lokacin buɗewa da rufewar bawul, wanda bel da sarƙa ke riƙe da shi. Akwai kuma lokacin da fulogi ke ba da wuta. A tsofaffin motoci irin Fijo 504, bakanike kan sassauta distirbita ya murɗa har sai kunnensa ya gamsu. A 1.8T babu abin murɗawa. Kwamfutar inji ce ke yanke lokacin wuta, bisa abin da sensoci ke gaya mata. Don haka wanda ya matsar da bel domin ya gyara wuta ya ɓata mai kyau ne bai gyara marar kyau ba.

Da ƙarfe ake farawa, ba a kunna mota ba. A cire fulogin silinda ta ɗaya, a zura dogon sukundireba mai tsabta, a juya inji da hannu har fistin ya kai ƙololuwa. Sannan a duba ko alamar da ke jikin fulin ƙasa ta yarda da hakan. Dalili shi ne fulin nan yana da roba a tsakiyarsa, kuma idan ya tsufa zoben waje kan zame, alamar ta yi ƙarya. Bayan an daidaita alamar sama da ta ƙasa, a juya inji zagaye biyu cif da hannu, domin kamshaf zagaye ɗaya yake yi a duk zagaye biyu na karanshaf. In alamomi sun dawo daidai kuma ba a ji wani abu ya tokare ba, bel ya zauna.

Inda da yawa ke tuntuɓe shi ne sarƙa. Bel ɗin 1.8T kamshaf ɗaya kawai yake ja, na ɓangaren hayaƙi. Na ɓangaren iska kuwa wata gajeriyar sarƙa ce ke jansa daga ɗaya ƙarshen, can wajen giya. Tsakanin alamar kamshaf ɗin nan da ta wancan dole a ƙirga ƙwayar sarƙa 16. Injin Beljiyam da aka taɓa buɗe kansa kafin ya iso kasuwa yana iya zuwa da 15 ko 17, alhali alamar bel tana nan daram. Na'urar da ke ɗame sarƙar kuma da ƙarfin baƙin mai take aiki, kuma wannan inji ya yi ƙaurin suna wajen daskarar da mai idan ba a yi masa juye a kan kari. Ƙarar kacau-kacau da sassafe daga bayan inji alamarta ke nan.

Idan ƙarfe ya fita zargi, sai a koma ga abin da, a ganina, ya fi haddasa rigima bayan sauya inji: injin da aka sayo ba ɗan gidan kwamfutar da ke cikin motar ba ne. Dillali zai ce duk 1.8T ne, kuma a ido haka ne. Amma kowanne yana da haruffa uku da ke bayyana zuriyarsa, AEB ko AGU ko AWT ko AUM da sauransu, an buga su a jikin inji, na motar kuma suna kan takardar da ke manne a but kusa da safaya. Kwamfuta tana gane inda fistin yake daga wani faifai mai gurbin haƙori 60 da aka cire biyu, kowane haƙori digiri 6, giɓin kuma shi ne mafarin ƙidaya. Tana gwama wannan da saƙon sensar kamshaf. To, tsohon AEB taga ɗaya ce a faifan sensar kamshaf ɗinsa, injinan da suka biyo baya kuwa taga huɗu. Haɗa sabon inji da tsohuwar kwamfuta kamar a sa wa mai rawar kalangu kiɗan taushi ne: kowa ya iya aikinsa, amma ƙafa ba za ta faɗi daidai ba. Na'urar sikanin kan nuna P0341 ko P1340, sai a yi ta sauya sensa, alhali maganin shi ne a ɗauko faifan sensar kamshaf na tsohon injin a mayar, ko a nemo kwamfuta da wayarin da suka dace. Shi ya sa bai kamata a yi gaggawar sayar wa 'yan gwangwan tsohon injin ba.

Akwai kuma cututtukan da ke shigar burtu. Motar da ta tashi ta mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, musamman in an sauya kwamfuta, yawanci na'urar hana sata ce ba ta san makullin ba. Tiyon iska da ya tsage tsakanin turbo da inji, ko wayar as da aka manta ba a ɗaure ba, su ma sukan sa mota shaƙewa.

Me ya sa turbo ba ya yafe kuskure? Yana cusa iska fiye da yadda inji zai zuƙa da kansa, don haka matsi da zafi a cikin silinda sun fi yawa. Idan wuta ta yi sauri, fetur ya fashe maimakon ya ƙone a hankali, a ji ƙas-ƙas, kuma a ƙarƙashin matsin turbo wannan kan fasa gefen fistin cikin ɗan lokaci. Idan ta yi latti, wutar takan bi hayaƙi waje, bakin salansa ya yi ja wur, turbo ya dahu. Mai gadin wannan iyaka ita ce sensar da ke sauraren ƙas-ƙas a jikin inji. Ana ɗaure ta da ƙarfin 20 Nm. In an danne ta fiye da kima ko aka bar ta sako-sako, sai ta ji abin da babu ko ta kurumce. Da manhajar VCDS, rukuni na 020 yana nuna digiri nawa kwamfuta ke janye wuta a kowace silinda yayin tafiya. Idan lambobin suna hawa da zarar turbo ya fara hurawa, a ɗaga ƙafa, a bincika fetur da fulogi da na'urar sanyaya iskar turbo. Injin da aka tsara wa fetur mai oktan 95 da sanyin Jamus, yanzu yana shan man bumburutu a zafin ranar Afrilu a hanyar Kano zuwa Katsina, rarar da ta rage masa kaɗan ce. Kafin sikana ta nuna babu laifi, kada a bari yaron gareji ya fita da motar “gwaji” a kan titin baifas.