Da Wane Ma'auni Ake Gane Adalci A Cinikin Kayan Gwari?

Duk shekara idan damina ta kankama, tumatir da tattasai da attaruhu sukan yi tsada, sai mu ji ma'aikata suna kuka da 'yan gwari, wasu har suna kira ga hukuma ta yanke farashi. To, amma tsada ita kaɗai ba ta zama hujjar zalunci a Shari'a. A shekarar 2016, da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, kuɗin kwando ya yi tashin gwauron zabo, alhali kuwa mai kasa kashi a bakin kasuwa ba shi da hannu a ciki. Anas ɗan Maliku ya ruwaito cewa an taɓa yin tsada a Madina, aka roƙi Annabi (S.A.W.) ya ƙayyade farashi, bai yarda ba, don gudun kada ya zalunci wani.

Ma'aunin da malaman fiƙihu suka kafa shi ne samanul misli, watau kuɗin da ake sayar da irin wannan kaya, a wannan kasuwa, a wannan rana. Saboda haka wanda ya sari kwando a 'Yankaba da asuba, ya lissafa kuɗin sari da la'ada da dako da abin da zai ruɓe masa kafin magariba, sa'an nan ya ɗora riba, bai yi laifi ba.

Inda haram take shigowa shi ne a jera lafiyayyu a bakin kwando a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, ko a tare manomi a hanya a saye kayansa tun bai san yadda kasuwa ta kwana ba, ko dillali ya yi tayin ƙarya domin ya zuga mai saye. Haka nan tsauwala wa baƙon da ya amince maka. Wasu malaman Malikiyya sun ce idan ƙarin ya kai sulusin kuɗin kaya, cuta ta tabbata. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata shugabannin kasuwa su sa wa ido, kamar yadda muhtasibi yake yi a zamanin da.

Mu masu saye kuma mu ji tsoron Allah. Kada mu jira sai rana ta yi gora, kaya sun fara yaushi, mu yi wa talaka tayin wulaƙanci, kuma mu nemi gyara. Allah Ya azurta mu da halal, amin.